Idan Gaskiya Ta Goya Ƙarya

Ƙarya tsagwaronta ba ta daɗewa a majalisa, domin ba a rasa wanda zai ce, "Ai ina wurin, ba haka aka yi ba." Wadda ke daɗewa, har ta shiga gidaje ta yi ɓarna, ita ce wadda aka goya a bayan gaskiya. Mai magana zai faɗi abin da kowa ya san ya faru, ka gyaɗa kai. Sai ya ce "saboda haka", ya ɗora wani zance daban, kai kuwa ba ka daina gyaɗa kai ba. A wannan gaɓar ake cin mu da yaƙi, kuma mu a Arewa mun taɓa biyan kuɗin wannan sakaci da ƙafafun 'ya'yanmu.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a wani gwaji da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan duk ya faru, kuma duk wanda ransa ya ɓaci a kai yana da gaskiya.

To, a 2003 sai magana ta bazu cewa an zuba sinadarin hana haihuwa a ɗigon rigakafin shan inna. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Idan ka tambayi mutum hujjarsa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "Ka manta abin da suka yi mana a 1996?" Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba na ganin laifin mai gudun. Amma tsoro daban, hujja daban. Abin da ya faru a 1996 ya isa dalilin a binciki duk maganin da aka kawo mana kafin a ɗura wa yaro. Bai isa ya gaya mana abin da ke cikin wata kwalba dabam ba, wadda aka haɗa don wata cuta dabam, kuma ake ɗiga wa yara tun farkon shekarun 1960 a ƙasashen Musulmi da na Turawa baki ɗaya. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan, ƙiyasi tare da bambanci, wato a auna abu da wanda bai yi kama da shi ba a wurin da hukuncin ya rataya. Ƙiyasi ne ɓatacce ko da mai yin sa mutumin kirki ne.

Kano ba ta koma rigakafin ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta riga ta ƙetare iyaka, daga baya ta isa ƙasashe kusan 20 da a baya suka rabu da ita, har da Indonesiyar kanta a 2005. A watan Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Akwai wata tambaya da magidanta suka riƙa yi wa masu ɗigo a bakin ƙofa, wadda har yau nake ganin ta fi kowace nauyi. "Me ya sa kuke bin mu gida-gida da wannan kyauta, amma idan yarona ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai na sayar da akuya na sayi magani?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa. Ƙwayar shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka ana iya kawar da ita daga duniya kamar yadda aka kawar da agana a 1980. Abin da ya sa ke nan ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar yaƙarta a 1988, suka zuba kuɗi. Ɗigon kuma ba ya buƙatar allura ko likita. Zazzaɓin cizon sauro kuwa sauro ke yaɗa shi, kuma a wancan lokaci ba shi da rigakafi. Kuskuren ya shigo ne wurin da aka tsallake daga "ban san dalili ba" zuwa "ashe makirci ne". Rashin sanin dalilin abu ba ya tabbatar da dalilin da ka zarga. Hukumomi kuma suna da nasu kason laifin, domin sau da yawa maimakon su zauna su ba da amsar, sai suka ce jahilci ne ke damun mutane. Kiran mai tambaya jahili ba ya amsa tambayarsa. Shi ma wannan karkatacciyar hujja ce, an bar magana an kama mai magana.

Sai kuma wadda ta fi shiga zuciya. Uwa ta ce an ɗiga wa ɗanta ranar Asabar, ranar Litinin jikinsa ya yi zafi zau. Ba ƙarya take ba. Amma idan aka ɗiga wa miliyoyin yara cikin 'yan kwanaki, a ƙasar da zazzaɓi ba ya yankewa, dole a samu waɗanda za su kwanta a makon, ko an ɗiga musu ko ba a ɗiga ba. Zuwan abu bayan abu ba ya nufin na farko ne ya haifi na biyu. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta yaran da aka ɗiga wa da waɗanda ba a ɗiga wa ba, a ga ina ciwon ya fi yawa. Ba ina cewa magani ba shi da illa ko kaɗan ba ne. Su kansu masanan sun faɗa cewa raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kan iya rikiɗewa ta yaɗu a wurin da yara kaɗan ne suka karɓa. An gano hakan ne da ƙidaya da gwaji, ba da "an ce" ba. Maganar hana haihuwa kuwa lokaci ya gwada ta. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2004, yau da yawansu suna da goyo.

A siyasa ba sai na tsawaita ba. Kunna rediyo da daddare ka saurari sojojin baka. A ce asibitin garinmu ba magani, amsa ita ce, "Ku a zamaninku me kuka yi?" Wani ya kawo lissafin kasafi, a ce, "Ai an ba shi na goro ne." Ko da an ba shi, lissafin daidai ne ko ba daidai ba? Wannan ba wanda ya taɓa.

Abin da ke min ciwo shi ne ilmin auna hujja ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan wannan ilmi, wato mantiƙi. Da Imam Suyuɗi na Masar ya hana karatun mantiƙi, Maghili ya aika masa da baitoci yana kare shi, a kan cewa ba a jefar da gaskiya don kawai ta fito daga hannun wanda ba Musulmi ba. Littafin mantiƙi mai suna Sullam na Akhdari kuma ya daɗe a zaurukan malamanmu. Amma yaro yakan gama sakandare da Islamiyya ba wanda ya taɓa ɗora masa hujja a gaba ya ce nuna min inda ta karye.

A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar dajin bakin mahaifa, kuma tsohuwar maganar hana haihuwa ta sake dawowa, wannan karon ta saƙon murya a WhatsApp. Uban da aka tura wa saƙon yana da haƙƙin ya tambayi ma'aikaciyar lafiya wa ya haɗa maganin, wace hukuma ta gwada shi, kuma a waɗanne ƙasashe aka yi amfani da shi. Ma'aikaciyar kuma wajibi ne a horar da ita ta amsa ba tare da tsawa ba. Haka shi ma mai saƙon muryar, a tambaye shi sunan sinadarin da yake zargi, da ɗakin gwajin da aka gano shi, da wanda ya yi gwajin.