Gani Ya Kori Ji: Dalilin da Ya Sa Ɗalibin Hausa Zai Koyi Zanen Alƙaluma

Ya kai ɗalibi, idan makarantarku tana Fatakwal ko Anaca ko Inugu, ba sai ka yi tafiyar kwana da yini ba kafin ka ji Hausa daga bakin masu ita. Suna nan kusa da kai. Za ka same su a kasuwar Fruit Garden ta Fatakwal inda ake sauke kayan gwari, da bakin gada a Anaca, da kasuwannin dabbobi na Gariki da New Artisan a Inugu. Zamansu a waɗannan garuruwa ya daɗe. Bayan da layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, daga baya kuma ya miƙe zuwa Arewa, fatake sun riƙa bin sa da hajarsu. Har ma wani ɗan Arewa mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

In ka kasa kunne a irin waɗannan wurare, za ka ji rabin zancen duk lissafi ne. Buhu nawa aka ɗoro? Nawa ne kuɗin mota? Kwana nawa aka yi a hanya? Kwando nawa ya ruɓe? Wannan shi ya sa nake ganin cewa duk ɗalibin da yake koyon Hausa a wannan yanki ya kamata ya haɗa da koyon zanen alƙaluma, wato mayar da lambobi su zama hoto wanda ido zai gani ya fahimta nan take, da bayani a cikin Hausa mai kyau. Bari in kawo maka hujjojina, sa'an nan ka auna da kanka.

Abin yana da tarihi

Kada ka ɗauka kwamfuta ce ta zo da wannan fasaha. A 1786 wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ya buga littafi a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, inda ya nuna hawa da saukar ciniki da layi da sanduna maimakon dogon jadawali. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi diddigin gidajen da aka yi rashi, ya ga sun taru kewaye da famfo guda ɗaya a titin Broad. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon, daga baya kuma ya buga taswira mai nuna kowace mutuwa a ƙofar gidan da ta auku. Duk wanda ya kalli taswirar ba ya bukatar dogon jawabi. Haka ita ma Florence Nightingale, a 1858 ta yi zanen da ya nuna wa mahukuntan Ingila cewa sojojin da cuta ta kashe a yaƙin Kirimiya sun fi waɗanda rauni ya kashe yawa nesa ba kusa ba.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, an ba shi taswirar da aka zana a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai nuna kogin Kwara da garuruwa, da bayani cikin Larabci. An buga ta a Landan a 1826. Kafin wannan kuma an yi wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ashe ke nan tsara sani a kan takarda yadda ido zai kama shi tsohon aiki ne a wurinmu.

Wa zai amfana?

Ɗauki albasa. Daga wurare irin su Aliyaro a Jihar Kebbi ake ɗoro ta, ta yi kwanaki a mota kafin ta ƙetaro zuwa Anaca. Tana araha bayan an cire ta a gona da rani, ta yi tsada wajen ƙarshen shekara. Tumatir shi ma haka yake: yana samuwa lokacin noman rani a Kadawa da Kura ta Jihar Kano, ya yi wuya da damina. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Arewa, farashi ya tashi a duk faɗin ƙasa. Tsohon ɗan kasuwa ya san duk wannan a ka. Amma abin da yake a kan mutum ɗaya ba ya zama hujja a gaban banki, ko a gaban ƙaramar hukuma ranar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta je neman a gyara mata rumfuna. Ba ya kuma isa ga yaron da ya fara koyon sana'a jiya. In aka zana shi a takarda ɗaya, kowa ya samu.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki nauyi. Duk lokacin da abinci ya yi tsada, zargi yakan shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mai saye ya ce baƙo yana cutarsa, mai sayarwa ya ce ba a san wahalar hanya ba. In yarensu ya bambanta, maganar takan yi zafi da wuri. To, a ce an zana faifai guda an raba shi gida-gida: ga kuɗin da aka sayi buhu a gona, ga kuɗin mota, ga ladan ɗan dako, ga abin da ya lalace a hanya, ga ribar da ta rage. Idan ribar kaɗan ce, mai saye zai gani da idonsa. Idan kuma ta wuce kima, shi ma mai sayarwa ba shi da bakin musu. Zane na gaskiya ba ya goyon bayan kowa, shi ya sa yake iya kashe gardama.

Sai maganar ambaliya. Anaca a bakin Kwara take. A 2012 da 2022 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar nan, ya mamaye yankin Ogbaru da ke maƙwabtaka da Anaca. A 2022 har hanyar Lakwaja ya rufe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hukumar kula da ruwa ta NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tare da taswira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ita ma tana buga farashin kayan abinci kowane wata, jiha-jiha, da Turanci. Bayanin yana nan, sai dai bai isa rumfar mai albasa ba. Ana bukatar wanda zai karanta shi, ya tsamo abin da ya shafi unguwa, ya mayar da shi zane mai sauƙi da rubutun Hausa. Kai da kake jin Turanci da harshen gida, kana kuma koyon Hausa, wa ya fi ka dacewa da wannan aiki?

Ƙa'idoji biyar

Na farko, ka san tambayar da zanenka zai amsa, kuma ta zama guda ɗaya. "Wane wata albasa ta fi tsada?" tambaya ce. "Bayani a kan albasa" ba tambaya ba ce. Wanda ya cusa abu goma a zane ɗaya, ba ko ɗaya da za a gani.

Na biyu, ka zaɓi irin zanen da ya dace. In kana nuna yadda abu yake canjawa daga wata zuwa wata, zanen layi ya fi. In kana gwada wannan da wancan, kamar farashin buhu a Fatakwal da Anaca da Inugu, yi amfani da sanduna. In kana nuna yadda abu guda ya kasu, zanen faifai ya yi, muddin kason bai yi yawa ba, kuma in an haɗa su za su cika faifan daidai. In tambayar "ina?" ce, taswira ake so.

Na uku, ka kiyaye amana. Sanda daga sifiri take farawa. A ce, don misali, buhu ya tashi daga Naira 50,000 zuwa 55,000. Ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan. Amma in mai zane ya fara ma'auninsa daga 48,000, sandar farko za ta nuna 2,000 kawai, ta biyu kuma 7,000. Ido zai ga ta biyu ta ninka ta farko sau uku da rabi. Bai canja lamba ko ɗaya ba, amma ya yaudari jama'a. Wannan daidai yake da tauye mudu. Ka guje shi a naka aikin, ka kuma lura da shi a zanen da ake turo maka a WhatsApp ko Facebook.

Na huɗu, ka faɗi ma'auni. Tiyar Kano ba ɗaya take da bokitin fenti da ake awo da shi a kasuwannin nan ba, kuma buhu suna ya tara, akwai babba akwai ƙarami. Lokaci ma ma'auni ne. Ragon layya yana tsada gab da Babbar Salla, ita kuwa Salla tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara a kalandar Turawa. Wanda ya zana farashin rago na shekara biyar bai sa alamar Salla ba, zai ga tsadar tana yawo ya rasa dalili. Kirsimeti kuwa, lokacin da ake neman shanu da awaki sosai a wannan yanki, ranarsa ba ta motsi.

Na biyar, ka kula da kalmomi. Kowane zane yana bukatar kanu, da sunan abin da ke kwance da abin da ke tsaye, da inda aka samo lambobin, da ranar da aka tattara su. Kanun ya faɗi abin da aka gano, kamar "Albasa ta fi tsada a ƙarshen shekara". Kada ka dogara ga launi kaɗai, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma takardar da aka sake bugawa baƙi da fari ba ta riƙe launi. Rubuta sunan kowane layi a kusa da shi.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce wannan ai aikin malamin lissafi ne, me ya kawo shi darasin Hausa? Gaskiya ne a ajin lissafi ake koyon auna sanda. Amma dubi ƙa'ida ta biyar. Zane ba ya magana sai da kalmomi, kuma wurin rubutunsa ƙanƙane ne. Dole ka san ƙidaya da kyau, ka bambance "ya ƙaru da kashi 10" da "ya koma kashi 10", ka san lokacin da ake cewa "ya fi" da lokacin da ake cewa "bai kai ba". Dole kuma ka sa ƙugiya a inda ta dace, domin "kasa" daban, "ƙasa" daban. Na daɗe ina koyar da harshe, ban ga aikin da yake tilasta wa ɗalibi zaɓen kalma daidai kamar rubuta kanun zane a kalma bakwai ko takwas ba.

Wani kuma zai ce ai kwamfuta tana yin wannan cikin daƙiƙa. Haka ne, manhaja irin su Excel tana fitar da zane da zarar ka danna, kuma yana da kyau ka koye ta in ka sami dama. Sai dai kwamfuta ba ta san tambayarka ba, ba ta san buhun jiya ya fi na yau girma ba. Abin da ka zuba mata shi za ta zana, ko daidai ko kuskure. Wanda ya iya da fensir da rula, wayar hannu za ta ƙara masa sauri. Wanda bai iya ba, za ta taimaka masa ne kawai ya yaɗa kuskurensa da wuri.

Akwai kuma mai cewa wasu 'yan kasuwar ba su yi boko ba, ina amfanin takarda gare su? Ai wannan hujja ce a gare ni. Mutumin da ba zai karanta shafi uku na rahoto ba yana iya gane doguwar sanda da gajeruwa. Kuma kada ka raina su. Da yawansu sun yi karatun allo, suna rubuta lissafinsu da ajami, wasu kuwa suna riƙe bashin mutum ashirin a ka ba tare da kuskure ba. In ka nuna musu zanenka, su ne za su fara gaya maka inda ka kauce.

Daga ina za ka fara?

Fara da abu ɗaya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, da izinin malaminku da iyayenku, ku zaɓi haja guda a kasuwar da ta fi kusa da ku. Ku yi sallama, ku gaida mai rumfa da ladabi: "Baba, ina wuni? Ya kasuwa?" Ku gaya masa ku ɗalibai ne masu koyon Hausa, kuna neman ya riƙa faɗa muku farashi sau ɗaya a mako. Kada ku je lokacin da ciniki ya kankama, kada kuma ku rubuta sunansa ko ribarsa sai da yardarsa. Ku riƙe ma'auni ɗaya da rana ɗaya har mako takwas. Daga nan ku jera lambobin a jadawali, ku zana layi, ku sa kanu da Hausa.

In kun gama, ku koma wurinsa da takardar kafin ku kai wa malami. Ku miƙa masa, ku yi shiru. Idan ya duba ya nuna da yatsa ya ce, "Nan ne makon da mota ba ta iso ba," to zanenku ya yi magana. Idan kuwa ya juya takardar sama da ƙasa yana tambayar me ake nufi, ku karɓa ku gode masa, ku je ku sake. Sai an gwada akan san na ƙwarai.