KO AN KIRA TA "WAYIN", SUNANTA GIYA

'Yan uwana ɗalibai na GSU, da na Kashere, da na FCE, ku yi haƙuri yau rubutun nawa da ɗan tsawo. Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo bukukuwanmu na kammala karatu da na ranar haihuwa, kuma na ga kowa ya yi gum. Sai a ɗora doguwar baƙar kwalba a kan tebur kusa da kek, a zuba jan ruwa a kofin gilashi mai siririyar ƙafa, wani ya jujjuya shi, ya shinshina, a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. In ka yi magana a ce maka: "Haba malam, ai ba giya ba ce, wayin ne, ruwan inabi ne kawai."

To ni na ce giya ce, kuma lissafi ne zai raba mu. Wanda aka fi yin taƙama da shi, Cabernet Sauvignon, sunan wani nau'in inabi ne da ya fito daga yankin Bodo a Faransa. Ana matse shi, a bar shi ya ruɓa har sukarinsa ya koma barasa. Ka juya kwalbar ka duba jikinta, za ka ga an rubuta 13.5% ko 14%. Giyar da ake sayarwa a mashaya wajen 5% take. Kwalbar wayin mai mililita 750 a kan 14% tana ɗauke da mililita 105 na tsantsar barasa, ita kuwa kwalbar giya mai mililita 600 tana da 30. Wato kwalba ɗaya ta "ruwan inabin" nan ta kai kwalaben giya uku da rabi. Wanda zai ji kunyar a gan shi riƙe da koriyar kwalba, shi ne yake ɗaga wannan yana murmushi a gaban kyamara. Ga Musulmi dai aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta ware mai tsada daga mai arha ba. Abokanmu Kiristoci ma da yawansu ba sa sha, cocinsu ba ya so.

Sai ka ji wani ya ce ai likitoci sun ce jan wayin yana gyara zuciya. Wannan tsohon zance ne. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo shi, rukuni ɗaya da taba.

Amma bari mu ajiye addini da lafiya a gefe na minti ɗaya, mu auna masu yin abin da mudunsu, tunda wayewa suke nema. Su Turawan da suka ƙirƙiro al'adar, yaya suke ajiye irin wannan kwalbar? A ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mai duhu, mai sanyin digiri 12 zuwa 14, sanyin da ba ya hawa ba ya sauka. A kwance ake ajiye ta domin toshiyar bakin ta zauna a jiƙe, kar ta bushe iska ta shiga. Sai ta yi shekara goma ko ashirin a haka kafin baurinta, irin na ɗanyen goro, ya kwanta. Kuma su da kansu suna faɗa cewa mafi yawan wayin ba ya ƙara kyau da tsufa, lalacewa yake yi.

Yanzu ka kwatanta da Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake dosar digiri 40. Kwalbar ta kwana a kwantena a tashar jirgin ruwa, ta hau tirela ta ratso ƙasar nan, ta tsaya a tsaye a kan kanta, sannan ta ƙare a akwatin ɗalibi a ɗaki mai rufin kwano, wuta tana zuwa tana tafiya. Ai ta dahu. Masanan da kake kwaikwayo ko kallonta ba za su yi ba. Ka saɓa wa addininka, ka kuma faɗi jarrabawar waɗanda kake so su yaba maka. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko.

Shi kansa shinshine-shinshinen fa? A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bodo, Frédéric Brochet, ya rina farin wayin ya koma ja, ya bai wa ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni, suka dinga siffanta shi da kalmomin jan wayin. A 2008 masu bincike a Kalifoniya sun ba mutane wayin iri ɗaya, sau ɗaya suka ce na dala 10 ne, sau ɗaya na dala 90, mutanen suka ce na 90 ɗin ya fi daɗi. Farashi suke sha. In ɗaliban fannin sun ruɗe, ina ga ɗan aji biyu da ya koyi juya kofi a waya jiya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ake shayarwa ba su sani ba, musamman ƙannenmu mata 'yan aji ɗaya. A kanti akwai lemon inabi mai gas wanda babu barasa a ciki, kuma kwalbarsa kusan iri ɗaya ce da ta giyar. Yarinya ta saba ganin irinsa a wurin biki, sai a miƙa mata kofi ta karɓa da zuciya ɗaya. Wanda ya san abin da ke ciki ya zuba mata bai faɗa ba, wallahi ha'inci ya yi, kuma ba sai na faɗi inda irin wannan dare yake ƙarewa ba. Ƙanwata, kar ki karɓi kofin da ba a gabanki aka zuba ba. Ki ce a ba ki kwalbar, ki nemi alamar % a jikinta. In kin ga 11 ko 12 ko 14, ki ajiye. Wanda ya ji haushin kin duba, ya riga ya ba ki amsa.

Ga kuma batun aljihu. Kuɗin kashewa da NELFUND take ba ɗalibi naira 20,000 ne a wata, kuma bashi ne, za a biya. Wasu kuma mahaifinsu ne ya sayar da buhun masara ko wake a Kumo ko Dukku ya turo. Da wannan kuɗin ake karo-karon kwalbar hoto?

Masu shirya bukukuwan aji da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, ku ne kuke karɓar kuɗinmu, don haka ku rubuta jerin abin da za a sha, kowa ya gani kafin ya biya. In jan abu ake so a kofin gilashi, ga zoɓo nan da citta da kanumfari, mai sanyi, wanda aka dafa da safe. Wanda kuma ya nace sai ya sha tasa, to ya kira ta da sunanta, ya daina ɓuya a bayan Turanci yana jan 'ya'yan mutane.

Na san wasu za su ce na cika tsauri. Ku zo mu yi magana a ƙasa, amma kowa ya duba jikin kwalbar tukuna. Allah Ya sa mu gama lafiya, mu koma gida da abin da aka turo mu nema.