Jinin Kirisfus Da Amanar Mai Ba Da Labari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, akwai wata magana da take yawo a bakin wasu masu muhawara da Kiristoci, cewa wai Sarkin Rum Kustantin ya shiga Kiristanci ne don ya wanke jinin ɗansa da na matarsa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙafar tsayawa, kuma bai dace Musulmi ya riƙe ta hujja ba.

Kisan dai ya faru. A shekarar 326 Miladiyya Kustantin ya sa aka kashe babban ɗansa Kirisfus a garin Fola, wanda yake cikin ƙasar Kuroshiya a yau. Wannan ɗa shi ne ya jagoranci jiragen ruwan mahaifinsa a yaƙin 324 da Lisiniyus, nasarar da ta share wa Kustantin hanyar mallakar daular baki ɗaya. Ba a jima ba sai Fausta, matar sarki kuma kishiyar uwar Kirisfus, ta mutu a ɗakin wanka mai tsananin zafi. Aka goge sunayensu daga allunan daula. Marubutan da suka zo daga baya sun danganta lamarin da zargin alfasha tsakanin su biyun, wasu suka ce ƙazafi ta yi masa.

To daga ina labarin tuban ya fito? Wanda ya fi yaɗa shi shi ne Zosimus, marubuci mai bautar gumaka da ya yi rubutu wajen shekarar 500, mai jin haushin rushewar addinin kakanninsa. A faɗarsa, limaman gumaka sun gaya wa sarki babu tsarkin da zai kankare wannan zunubi, sai wani Bamisire ya yi masa albishir cewa Kiristanci yana shafe kowane laifi, shi ne ya karɓa.

Mu jera shekarun mu gani. Karkatar Kustantin zuwa Kiristanci ta bayyana tun bayan yaƙin gadar Milbiya a 312. A 313 aka yi yarjejeniyar Milan da ta ba Kiristoci 'yancin ibada. A 321 ya mayar da Lahadi ranar hutu. A 325 ya tara bishof-bishof a Nikiya. Duk wannan Kirisfus yana raye. Ta yaya laifin 326 zai zama sanadin abin da ya riga shi da shekaru goma sha huɗu? Wankan baftisma kuwa bai yi shi ba sai a 337, yana gab da mutuwa. Tun ƙarni na biyar masanin tarihi Sozomen ya rushe labarin da irin wannan lissafi.

Kada kuma a ɗauka ɗaya ɓangaren ya fita. Yusibiyus, bishof na Kaisariya, ya rubuta tarihin rayuwar Kustantin cike da yabo, bai ambaci kisan ɗan ko mutuwar matar ba ko sau ɗaya. Wancan ya ƙara gishiri saboda ƙiyayya, wannan ya rufe tukunya saboda kusancin fada. Dukansu sun ci amanar alƙalami.

Mu kuwa an umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, an kuma hana mu a Suratul Ma'ida barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Al'ummar da ta kafa ilimin isnadi, ta tace maruwaita ɗaya bayan ɗaya, bai kamata 'ya'yanta su ɗauko zancen mai bautar gumaka ba tare da awo ba don kawai ya soki abokin muhawara. Ranar da abokin naka ya jero maka shekarun nan, ka zubar da mutuncin sauran hujjojinka na gaskiya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

In za ka yi maganar Nikiya, yi ta da abin da ya tabbata, ya ishe ka. Kafin ka tura labari, tambayi wanda ya faɗa, da lokacin da ya faɗa, da wanda yake ƙi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum.