Wa Zai Gaji Shaihunan Malamai?

Jama'a, lokaci ya yi da za a faɗa wa mahukunta gaskiya komai ɗacinta: jami'a ba tubali da siminti ba ce, malamai ne da masu bincike. A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i 9 a tashi ɗaya, aka buga tambura aka yi guɗa. Shekara guda bayan haka, a 2012, kwamitin da gwamnatin da kanta ta naɗa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya gano cewa malaman jami'o'in gwamnati masu digirin dakta ba su kai rabi ba. Ashe an gina rumbu ne alhali ba a yi noma ba.

Kowa ya san yadda ake samun shehun malami. Akan ɗauki saurayi ko budurwar da ta fi kowa hazaƙa a ajinsu, a ba ta gurbin mataimakiyar malami, ta yi digiri na biyu da na uku a gaban manya, sannan ta hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan reno Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta yi suna. Da shi ne kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA, waɗanda talaka ke shukawa a gonarsa.

To, me aka yi wa wannan tsani? Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta zube, albashin malami ya zama abin dariya, ƙwararru suka tattara littattafansu suka nufi Amurka da Ingila da Saudiyya. A 2012 aka ɗaga shekarun ritayar farfesoshi zuwa 70, wanda jinkirta matsalar ne kurum. Daga baya aka ɗaure jami'o'i da tsarin biyan albashi na IPPIS, har ya zama shugaban jami'a sai ya nemi izini daga Abuja kafin ya ɗauki malami, sai a Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta amince a kwance su. A tsakani kuwa ƙungiyar ASUU ta yi yajin aikin wata 9 a 2020, da na wata 8 a 2022. Wane yaro mai basira ne zai ga haka ya yi sha'awar riƙe alli?

Amma kada shugabannin jami'o'i su laɓe bayan gwamnati. Duk gurbin da aka cike a ɓoye, da 'yar takardar wani babba ko don ɗan gida ne, sata ce daga haƙƙin ɗalibai, domin malamin da ya shigo ta taga zai shekara 30 yana koyar da abin da bai iya ba.

Saboda haka muna kira da babbar murya: a buga kowane gurbin koyarwa da na bincike a jaridu, a yi wa masu nema ganawa a gaban kwamiti, a riƙe zakarun kowane sashe, a kuma biya su abin da zai hana su kallon ƙetare. Wanda ya cinye iri da rani, kada ya yi kuka ranar da damina ta sauka.