Cinikin Gida a Ƙasar Buji: Wa Ya Sa Hannu?

Tun daga ran 27 ga Agusta, 1991, da aka yanki Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birninta, ƙasa ta yi daraja a wannan sashe. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse cikin 2011 abin ya daɗa ƙaruwa. Ma'aikacin da filin birni ya fi ƙarfinsa sai ya waiwayi garinsu, ko Gantsa, inda hedkwatar Ƙaramar Hukumar Buji take, ko wani ƙauye na kusa. Kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa sai ya miƙa su a zaure cikin rabin sa'a, a ba shi fallen takarda guda, a shafa fatiha. Wannan takarda muke so mu duba tare da masu karatu, domin sau da yawa malamin makaranta ko akawu ake kira ya rubuta ta.

Da fari dai mu san abin da ake saye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, gama dokar 1910 da ta 1962 duk sun riga sun sa ƙasa ƙarƙashin hukuma. Watau mai saye gini yake saye da izinin zama, ba ainihin ƙasar ba. Izinin nan kuwa iri biyu ne. Akwai wanda Gwamna ke bayarwa, ba a kuwa sayar da shi sai da yardarsa, in ji sashe na 22. Akwai na gargajiya a wajen birane, wanda sashe na 21 ya ce sai Ƙaramar Hukuma ta amince. Sashe na 26 ya ƙarasa zancen: cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kada wani ya zaci wasa ne. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida don ba a nemi yardar Gwamna ba. To, in banki mai lauyoyi ya sha ƙasa a nan, ina ga malamin firamare?

Amma a ganinmu babban ramin ba nan yake ba. Gidajen da ake sayarwa a garuruwanmu da yawa na gado ne. Mai gida ya rasu, ba a raba gado ba, babban ɗa ya ci gaba da zama, har unguwa ta saba kiran gidan da sunansa. Ran da bukata ta taso sai ya kira dillali. Alhali kuwa akwai tumunin matar mamaci a ciki, akwai rabon 'yan'uwa mata da ke aure a Kiyawa ko Birnin Kudu, wataƙila har da na maraya wanda bai balaga ba. Ba wanda ya tambaye su, su kuma kunya ta hana su magana. Kunya fa ba yafewa ba ce. Bayan shekaru, mai saye ya rushe ginin ƙasa ya ɗora bulo da kwano, sai sammaci ya iso daga kotun Shari'a. Ko da rabonsa kaɗai babban ɗan ya sayar, mazhabar Malikiyya ta ba abokan tarayya haƙƙin shufa'a a kan abin da ba a raba ba, watau su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Saboda haka in an ce gidan gado ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu. In babu, kowane magaji ya sa hannu da kansa, mata da maza, maraya kuma sai ta hannun waliyyinsa da sanin alƙali. Haka nan a bincika ko aro aka ba mai sayarwa, ko jingina ce yake riƙe da ita.

Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi yana da amfani ƙwarai, don su suka san asalin kowane gida, kuma ba mu ba kowa shawara ya tsallake su ba. Sai dai shaida ce, ba ita ce amincewar da doka ta nema ba.

Ita takardar kanta, a rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta da awon ƙafa, maƙwabtan kuma suna tsaye. "Daga gindin tsamiya zuwa tsohuwar rijiya" ba iyaka ba ce, tsamiya tana faɗuwa, rijiya tana cikewa. A rubuta kuɗi da lamba da kuma baƙaƙe, a faɗi nawa aka bayar kafin alƙalami, da ranar cikawa, da wanda zai biya la'adar dillali, da yadda za a mayar da kuɗi in wani mai haƙƙi ya ɓullo. In gidan yana da takardar shaidar mallaka ta Gwamna, a kai lambarta ofishin rajistar filaye a Dutse a ga ko sunan ya dace, ko kuma wani banki yana riƙe da ita. Ragowar kuɗin kuwa a riƙe su sai ran da amincewar hukuma ta fito a rubuce.