Ƙarin Saurin Intanet A Amurka Yana Tsayawa A Bakin Ƙofa

A watan Maris na 2024, Hukumar Sadarwa ta Amurka, watau FCC, ta ɗaga mizanin abin da za a kira intanet mai sauri daga megabit 25 a daƙiƙa zuwa 100 wajen karɓar bayanai, daga 3 kuma zuwa 20 wajen aikawa. Kamfanonin da ke kai intanet gidaje ta wayar talabijin sun daɗe suna shelar ƙarin sauri. To, amma sau da yawa ƙarin ba ya shiga cikin gida.

Dalili kuwa shi ne ɗan akwatin nan da ake kira modem. Wanda aka ƙera bisa ƙa'idar DOCSIS 2.0 tasha guda yake bi, iyakarsa wajen megabit 40. Sai a 2006 ƙa'ida ta 3.0 ta ba da damar haɗa tashoshi da yawa, ta 3.1 kuma, a 2013, ta zarce gigabit guda. Saboda haka mai tsohon akwati, ko an ninka masa sauri, kuɗin kawai yake biya. Da yake kamfanoni da dama hayar akwatin suke karɓa wata-wata, kamata ya yi hukuma ta ɗora musu alhakin sauya shi duk lokacin da suka ƙara sauri.