Duka Ba Ya Koya Wa Kare Haƙuri

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin masu karnuka. Kare ya warce ƙosai a hannun yaro ko kifi a farantin mai talla, sai a hau shi da sanda. To jama'a, duka tsoro kawai yake sa masa. Sai ya riƙa gurnani a kan kwanonsa, wata rana ya ciji yaro.

Ga hanya mai sauƙi. Ka dunƙule ɗan nama a hannu. Zai yi ta shinshina, kada ka buɗe. Da zarar ya ja baya, ka ce "yauwa" ka ba shi. Haka wajen kwano: in ya zabura ka ɗaga, in ya zauna ka ajiye ka ce "ci". Minti 5 kullum, da kansa zai gane jira ne ke kawo abinci.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma malamai da yawa sun ce alamar horonsa ita ce kada ya ci naman.

Sannan don Allah a yi wa karnuka allurar rigakafin ciwon hauka. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya garzaya asibiti.

Allah Ya sa mu gyara.

Naku,
Wani manomi,
Unguwar Mu'azu, Kaduna.